Koren Haske a Kan Magama

"Wato tocila aka haska maka," in ji sajan na ofishin 'yan sanda, ya ajiye biro. "Kana sama, mai ita yana ƙasa."

Zunnuraini ya danne fushinsa ya sake farowa. Shi ne matuƙin ƙaramin jirgin da aka ɗauko don feshin jan baki, tsuntsayen da suka addabi geron ƙasar Jibiya a bana. Jiya gab da magariba, lokacin da suke komawa makwancinsu, ya sauko ƙasa-ƙasa a kan Magama, sai wani koren haske ya daki gilashin gabansa. Cikin jirgin duk ya koma kore. Bai ga agogunan tuƙi ba, bai ga ƙasa ba, alhali ya san akwai manyan itatuwa a ƙarƙashinsa. Dole ya zubar da maganin feshin gaba ɗaya don jirgin ya rage nauyi ya ɗaga. Ya kira hasumiyar filin jirgin Katsina ya shaida musu, ya sauka da ido guda yana zubar da ruwa. Har yanzu in ya dubi farin bango, wani baƙin ɗigo yake gani. In ɗigon nan bai tafi ba, likita ba zai bar masa lasin ba.

"Wani ya rasu?"

"A'a."

"Jirgin ya faɗi?"

"Da ya faɗi, da ba ni ne tsaye a nan ba."

"To ka gani." Sajan ya gyara zama. "Kuma daga wane ɓangare hasken ya taso? In daga tsallake ne, sai jandarmomin Nijar."

Tun jiya Zunnuraini ya rubuta wa hukumar jiragen sama rahoto, su ne ma suka ce ya sanar da jami'an wurin. Daga wurin sajan ya nufi kotun Shari'a. Magatakarda ya saurare shi cikin ladabi, ya jajanta masa, sannan ya tambaye shi wa yake ƙara, su wa kuma suka shaida. A bakin iyaka wani ɗan kwastan ya ce shi dai bai taɓa jin an hana shigo da tocila ba, ya koma kan motar buhunan da ke gabansa.

Azahar ta yi, kansa na sara. Ya tsaya a teburin wani mai kayan koli, Lado, mutumin Maraɗi, ya tambaye shi ko yana sayar da tocilar nan mai siririn koren haske.

"Leza? Ai sun ƙare tun hantsi, Alhaji. Mutanen Riko da Mazanya sun kwashe. Ba ka ji abin da ya faru Magama ba? Ga mai labarin nan ma."

Ya nuna wani dattijo da ke zaune a benci yana ɗaure ledar gishiri. Sunansa Malam Maɗugu, manomi ne, kuma bai jira a roƙe shi ba.

"Yaro, jirgin nan kullum wucewa shikai, ba ya ganin inda tsuntsayen suke. Gero na ƙarewa muna kallo. Jiya na ce bari in gwada mashi hanya. Ina haska shi, wallahi nan take ya juye maganin bisa kurmin da suke kwana. Da safe da kwando munka riƙa kwasar su."

Zunnuraini ya daɗe yana kallonsa.

"Baba, ni ne a cikin jirgin."

Fuskar dattijon ta washe, ya miƙo hannu biyu. "Allah shi yi maka albarka. Ashe ka ga alamar."

"Ban ga komai ba, Baba. Makancewa na yi." Ya cire baƙin tabarau ya nuna masa jan idon. "Maganin nan zubar da shi na yi don kada in faɗo a kan gidajenku. Sa'a ce kawai ta kai shi kurmin."

Malam Maɗugu ya dubi idon, ya dubi Lado, wanda ya shiga jera batura kamar ba da shi ake ba. Sannan dattijon ya laluba aljihu ya fito da tocilar, 'yar siririya kamar biro, ya ɗora a tafin hannun Zunnuraini.

"Ka yafe mani. Ni na zaci kamar yatsa ce ake nuni da ita." Ya numfasa. "To amma ga wata. Duk wanda ya saya yau ya koma garinsu, magariba yake jira."

Zunnuraini ya rufe ido. In ya ƙi tashi, tsuntsaye su cinye abin da ya rage. In ya tashi, daga kowane ƙauye za a harbo masa haske. Ya ciro waya ya gaya wa abokin aikinsa a Katsina kada a fito da jirgin yau, sannan ya ɗaga wa 'yan acaɓa biyu hannu.

Malam Maɗugu ya tattare rigarsa ya hau na gaba.

"Riko za mu fara, gidan mai gari," ya ce. "Amma ka bari ni in yi magana. In sunka ji kai ne mai jirgin, kowa zai so ya gwada maka yadda tashi ke aiki."