Tiranzistoci Biyu na Ƙarshe

Hancina ne ya fara sani. Ina shanya a tsakar gida na ji ƙaurin wani abu ya taso daga shagon maigidana Malam, wanda yake manne da ƙofar gidanmu. Da na leƙa sai na tarar da shi zaune gaban wata tsohuwar amfilifaya, injin nan mai ƙara sauti, hannunsa na dama cikin aljihu, yana kallon bango kamar an rubuta masa saƙo a jikin bangon.

"Me ya ƙone?"

"Babu komai."

Tun ina amarya nake jin wannan "babu komai" ɗin, na san nauyin kowanne. Watanni ke nan hannun yana rawa, shi kuma yana ɓoye mini, ni da nake goge shayin da yake zubarwa.

Amfilifayar ta Direba ce, amininsa tun suna samari, ta ma girmi duk 'ya'yanmu. Malam ya canza mata tiranzistoci, 'yan kayan nan masu ƙafafu da ke sarrafa wuta a cikinta, saura ya daidaita abin da suke kira bayas, wato 'yar wutar da injin ke sha ko yana zaune shiru. In ta yi kaɗan murya ta fito da ƙaiƙayi, in ta yi yawa injin ya dafa kansa. Da wani ɗan sukuru mai kamar ƙwayar shinkafa ake juya ta. Yana cikin awo hannun ya goce, tsinken mitar awon wuta ya haɗa ƙafafu biyu, shi ke nan tiranzistocin suka ƙone. Irin waɗannan tiranzistocin an daina yin su, biyu kacal suka rage masa a cikin gwangwanin alawa.

Da rana ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, in waɗannan ma suka tafi zai sauke allon shago. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da unguwa guda ke kawo wa rediyo ya rufe shago a kan ƙwayar shinkafa?

Na kira 'yarmu Auta na ce ina son ganin jikata. Auta a kan bencin nan ta girma, ta iya riƙe dalma kafin ta iya ɗaura ɗankwali, yanzu kuma na'urorin asibiti take gyarawa. Ta zo, ta miƙo mini yarinya, ita ma hancinta ya kai ta shago.

"Baba, a taya ka?"

"Uwarki ce ta kira ki ko? Wannan mata, ko ƙuda ya yi tari sai ta sani."

Amma ya matsa mata a benci. Ta sa sababbin tiranzistocin, ta cire wayoyin lasifika, ta rage murya har ƙasa. Maimakon tsinke, sai ta maƙala wa mita 'yan maƙalai tun kafin a kunna wuta, yadda babu abin da zai goce. Malam ya yi gyaran murya. Can ya zaro ɗan sukundireban roba daga aljihun gaba, wanda ko ni ban isa in share ƙarƙashinsa ba, ya ajiye mata.

"Kaɗan-kaɗan. Kada ki juya, lallaɓa shi za ki yi."

Ta lallaɓa. Lamba ta hau, ta tsaya daidai inda ake so. Auta ta yi murmushi, ta jawo murfi da sukurori.

"A'a, uwar gaggawa. Ɗora murfin kawai, kada ki ɗaure. Da sanyinsa kika auna shi, bari ya ɗumama ki ga halinsa."

Muka zauna jira. Na kawo shayi, ya huce ba wanda ya taɓa. Malam ya ɗora bayan hannunsa na hagu a kan ƙarfen nan mai haƙarƙari da ke shanye zafin injin, ya lumshe ido. Mita tana gefen Auta, ba ya ma ganin fuskarta.

"Tana hawa," ya ce. "Ɓangaren dama ya fi sauri."

Auta ta duba dama, ta duba hagu, sannan ta juyo ta kalle ni, idonta ya ciko. Ta ɗaga murfi ta mayar da sukurun baya kamar faɗin gashi. Suka sake jira, suka sake taɓawa, shi yana faɗa ita tana juyawa, har lamba ta zauna ta daina motsi. Ni kuwa ina bakin ƙofa da goyo, kaina ya yi girma har ina jin ba zai wuce ƙofar ba. Wannan mijina ne, waccan kuma ni na haife ta.

Da yamma Direba ya zo da wani tsohon kaset. Aka haɗa lasifika, murya ta fito sumul, har da numfashin mawaƙin. Direba ya dafe kai.

"Kai, mutumina! Ashe hannun nan naka yana nan yadda na san shi."

Na ɗauka Malam zai yi dariya ya bar zancen a haka, Auta ma ta sunkuyar da kai don ta rufa masa asiri. Sai na ga ya zaro hannun daga aljihu, ya miƙa shi a gaban amininsa, yana rawarsa a fili.

"Wannan? Wannan ya gaji, Direba. Amma sai da ya koyar sannan ya gaji." Ya nuna Auta da shi. "Ita ta yi maka aiki. Duk Asabar za ka same ta a nan, in ta yarda."

"Na yarda, Baba," in ji ta, ta miƙa masa ɗan sukundireban.

Bai karɓa ba. Ya ce ta sa a jakarta, aljihunsa ya huta.