Ledar Ɓawon Mangwaro

Har yau in na hango Gambo duba-gari sai raina ya ɓaci. Mutum ne da hancinsa ya fi kansa aiki.

Malama Rahila 'yar Filato ce, tana koyar da kimiyya a sakandare, tana hayar ɗaki a gidanmu nan Haɗejiya. Ni kuwa kifi nake soyawa a ƙofar gida. Tun da ta ga yadda awaki ke mutuwa da leda a cikinsu ta hana kanta sakat. So take ta haɗa abin da zai maye gurbin leda. Sai ta bi masu mangwaro ta kwaso ɓawo, ta dafa, ta niƙa, ta dama da sitacin rogo, ta zuba shara-shara a faranti ta shanya. Wani ya tsage, wani ya yi fumfuna, mu kuwa muna ta yi mata dariya.

Ƙarshen bazara abin ya yi. Ta ɓamɓaro guda fes, kana hango yatsunta ta cikinsa. Na ƙunshe kifi da zafinsa, ko ɗigon mai bai fito ba. Ta ce in an yar ruɓewa zai yi. Shugaban makarantarsu ya ce ta kai masa ran Litinin, in ya gani da idonsa zai ba ta ɗakin gwaji, in babu kuma kada ta ƙara tayar masa da zancen. Ga mangwaro ya ƙare a kasuwa.

Asabar ɗin ranar tsaftar gari ce. Gambo ya tsallake kwatar unguwarmu da leda ta toshe, bai ko kalle ta ba, ya shigo ya tsaya a kan farantan.

"Wannan ƙazantar fa?"

"Ranka ya daɗe, aikin makaranta ne," in ji Malama. "Ɗauka ka duba."

"Ina kika samo?"

"Ɓawon mangwaro ne, na wanke na dafa."

"Ato, shara ke nan. Yau kuwa ƙone shara ake."

Na ce, "Gambo, ka ji tsoron Allah, kwata ba ta ishe ka ba?" Ya ce in na ƙara magana sai ya haɗa da kaskona. A gabanmu ya kankare farantan duka ya cinna ashana, yana toshe hanci. Wallahi sai da na ji kamar in sheƙa masa mai.

Malama ba ta yi kuka ba. Da yamma ta fito sayen kifi, na shiga lalube ina neman takarda, don na san halinta, ba ta karɓar leda.

"Bar shi, Maman Adamu," in ji ta. "Sa min a leda."