Gurbi Na Bakwai

Afra'u, 'yar 'yata Hansai, ta shimfiɗa wata takarda a kan tabarmata ranar da ta zo Kademi gaishe ni. Shekara huɗu ta yi a Indiya tana karatun gashin ƙashi.

"Maigida, ka ƙara tsufa," in ji ta. "Da haƙora shida na bar ka."

"Biyar ne yanzu. Sun ishe ni cin naman da ba ki kawo ba."

"Na kawo abin da ya fi nama. Duba."

Na duba. Zanen mutum ne, ya tanƙwashe ƙafa, idonsa a rufe. Daga ƙasan gadon bayansa zuwa sama an jera wasu da'irori kamar furanni, kowace da launinta. Na ture takardar da ƙafa.

"Gunki kika kawo mini zaure?"

"Ba gunki ba ne, Kaka. Malamarmu ce ta ba ni da za mu rabu. Masu yoga na can, masu horar da jiki da numfashi, sun ce a jikin mutum akwai wuraren da ƙarfin rai yake taruwa yana juyawa kamar ƙafar amalanke. Cakra suke ce musu. Wasunsu sun haɗa abin da addininsu. Ni babu ruwana da wannan. Na dai tuna yadda kake dafa mutane kafin ka yi musu ƙaho, na ce bari in tsokane ka."

"Likitoci sun gan su?"

"A'a. Ko an buɗe mutum ba a ganin komai."

Na jawo takardar da hannu.

Ni wanzami ne. Datti sunana. Ubana Tukur wanzami ne, ubansa ma haka. Aji biyu na yi a boko aka cire ni, na riƙa bin ubana ina ɗauke da zabira, jakar fatar da aska da ƙaho suke ciki. A gidanmu ba a ɗora wa mutum ƙaho sai an dafa shi a wurare sanannu, an ji inda zafi ya tsaya da inda sanyi ya kwanta. Gurabe muke ce musu. Daga nan ake sanin inda za a sa ƙaho, ko a ce wa mutum ya tafi gida ciwonsa ba na aska ba ne. Ban taɓa ganin wani gidan wanzamai yana yin haka ba, daga Gaya har Ajingi. Namu ne.

Na ɗora yatsa a kan da'irar ƙasa, ja. Ƙarshen gadon baya. Gurbi na ɗaya. Ta biyu ƙasan cibiya. Ta uku saman cibiya, ƙarƙashin ƙahon zuci. Ta huɗu tsakiyar ƙirji, koriya. Ta biyar maƙogwaro. Ta shida tsakanin gira. Haka ubana ya jera mini su, daga ƙasa zuwa sama, ko ɗaya ba ta kauce ba.

Ubana bai taɓa wuce Kano ba. Mutanen nan suna bayan teku, ba su san Tukur ba, ba su san Kademi ba, ba sa fuskantar alƙiblarmu. Wa ya gaya musu?

"Kaka, lafiya? Hannunka yana rawa."

"Ya daɗe yana rawa. Nawa ne duka?"

"Bakwai."

Dole in faɗi abin da ban faɗa mata ba a lokacin.

Ubana shida ya nuna mini. Ya ce bakwai ne. Ya ce shida na hannu ne, na bakwai ba a taɓa shi, kuma sai ranar da zai miƙa mini zabira zai nuna mini. Haka al'adar gidan take: uba ya cika wa ɗa bakwai, sannan ya rataya masa zabira da hannunsa. Wani hunturu na tafi Gafasa yi wa yara kaciya, na kwana uku. Na dawo na tarar an binne shi. Zazzaɓi ne. Zabirar na rataye a jikin ƙusa. Daga ƙusa na ɗauke ta, ba daga hannu ba. Mutane suka ɗauka an cika mini. Na bar su a haka.

Shekara hamsin da biyu ina nema. Na duba tafin ƙafa, na duba ƙeya, na duba bayan kunne. Duk ana taɓa su. Na yi zaton inuwar mutum ce. Na yi zaton wata aya ce. Na zauna da tsofaffin wanzaman Ajingi ina kewaye-kewayen zance, don ba zan buɗe baki in ce ɗan Tukur bai sani ba. Babu wanda ya san abin da nake nufi.

Ɗana Kamalu ya bi ni shekara goma sha shida. Hannunsa ya fi nawa sauƙi, ko jariri ba ya kuka a gabansa. Sau uku ya tambaye ni yaushe zan cika masa. Na ukun a gaban mutane ne, a ƙofar gidan mai unguwa. Na ce masa, "Ba ka isa ba tukuna. Hannunka ɗanye ne." Ƙarya na yi. Ni ne ba ni da abin bayarwa. Washegari ya wanke askarsa ya ajiye mini a zaure, ya koma Gaya. Adaidaita sahu yake ja yanzu. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Yana zuwa da salla, ya durƙusa ya gaishe ni, ba ya kallon ƙusar da nake rataye zabira.

Na ɗaga yatsana daga tsakanin girar mutumin takarda, na yi sama. Ta bakwai fara ce da ratsin shuni, ta fi sauran girma, ganyenta ba ya ƙirguwa. Ba a cikin kan take ba. Tana bisa tsakar kai, da 'yar tazara tsakani, kamar hular da ba ta gama sauka ba.

"Me ya sa ba ta zauna a kansa ba? Mai zanen ne ya kuskure?"

"Ba kuskure ba ne. Malamarmu ta ce wasu a tsakar kai suke sa ta, wasu kuma su ce ɗan sama da kai take, ba ta cikin nama kamar sauran."

Sai na ga ubana. Na gan shi kamar yana zaure. Duk wanda ya zauna aski, kafin ya jiƙa masa kai, sai ya buɗe tafin hannunsa na hagu bisa tsakar kan, bai taɓa gashi ba, tazarar yatsa biyu. Ya yi shiru na numfashi ɗaya. Sannan ya yi bisimilla ya ɗauki aska. Na ɗauka ɗabi'a ce irin ta tsofaffi, kamar gyaran murya. Ni ma haka nake yi, don na ga yana yi. Kai nawa na aske a shekara hamsin da biyu? A kan kowane ɗaya hannuna ya tsaya a wurin. Ina can ina leƙen tafin ƙafa.

Na tashi na shiga ɗaki na yi alwala, ba lokacin salla ba. Afra'u tana kira, "Maigida, fushi ka yi? In ƙone ta?" Na ce ta naɗe ta ta ajiye, kada ta bari ƙasa ta taɓa ta.

Amma takarda takarda ce. Ban yarda da abu ba sai hannuna ya ji.

Kwana huɗu bayan nan aka yi sunan ɗan Kamalu a Gaya. Namiji ne, na farko bayan mata uku. Kamalu ya aiko in zo in yi askin suna, don ba zai yiwu a kira wani wanzami ina raye ba. Da hantsi muka isa, ni da Afra'u a babur ɗaya, tana cewa in riƙe mai babur da kyau kada iska ta ɗauke mata miji. An raɗa suna, Tukur aka sa. Ban san zai sa haka ba.

Aka miƙo mini jaririn a cikin zane. Mata sun cika tsakar gida suna hayaniya. Na kwantar da shi a cinyata. Na buɗe tafin hagu bisa maɗigarsa, tazarar yatsa biyu. Wannan karon ban yi don ɗabi'a ba. Na saurara.

Ɗumi ne ya fara zuwa. Sannan wani abu yana tasowa yana komawa, a hankali, yana bugun tafina ban taɓa fata ba. Na san maɗigar jariri tana motsi, kowace mace ta sani. Wannan daban ne, ko kuwa ni ne ban taɓa tsayawa na ji ba. Kamar tsayawa a bakin rijiya mai zurfi da sanyin safiya, iskar ciki tana taɓa maka fuska. Kwana bakwai ke nan da zuwan yaron duniya, kuma kamar ƙofar da ya shigo ba a gama rufe ta ba. Hayaniyar mata ta yi nisa. Na ce, "Tsarki ya tabbata ga wanda Ya yi wannan." Ban san da ƙarfi na faɗa ba sai da na ji wata tsohuwa ta amsa.

Rawar hannuna ta tsaya. Na aske shi tas, bai motsa ba.

Da aka watse cin abinci na kira Kamalu zaure. Afra'u ta tsaya a bakin ƙofa. Na cire zabira daga kafaɗata na riƙe da hannu biyu.

"Zauna."

Ya durƙusa.

"Ranar da na ce hannunka ɗanye ne, ƙarya na yi. Ubana ya mutu bai cika mini ba. Shida gare ni. Ban iya faɗa ba."

Ya ɗago ya dube ni. Ban taɓa ce wa ɗana na yi ƙarya ba.

"Yanzu na samu. Ga shi nan." Na buɗe tafina bisa kansa. Akwai furfura a wurin, ban lura da ita ba sai yau. "Wannan ne na bakwai. Ba a taɓa shi."

Kamalu ya yi wata 'yar dariya, ba ta daɗi ba.

"Wannan, Baba? Tun ina ɗan shekara goma nake ganin kana yi. Ni ma ina yi wa 'ya'yana in za su yi barci. Na san akwai abu a wurin. Na ɗauka ka sani, ka ga dai ban kai a gaya mini ba."

"Ban sani ba."

"A gaban mai unguwa ka faɗa. Har yau in na sauke fasinja a Kademi, akwai masu kirana Ɗanyen Hannu."

"Zan je ƙofar gidan mai unguwa in warware."

"Mai unguwar ya rasu. Rabin waɗanda suka ji sun rasu."

Afra'u ta ce, "Kawu, don Allah." Bai waiwaye ta ba.

Na miƙa zabirar har ta taɓa gwiwarsa. Fatar ta yi baƙi da gumin mutum uku. A cikin gida jaririn ya fara kuka.

"Bakwai sun cika, Kamalu. Daga hannu nake ba ka, ba daga ƙusa ba. Karɓi."

Ya kalli zabirar. Sannan ya mayar da hannayensa baya.

"A'a, Baba. Ba zan karɓa ba."