Allurar da Glenys Ta Jinkirta

"Kada ka kuskura ka kashe wayar nan, Lyle," in ji Glenys. "Ko da kiɗan nan ne zai ƙarasa ni."

Wayar tana kan matashinta, tana maimaita kiɗan da kamfanin asusun fansho yake sa wa masu jira. Ina zaune a kujerar robar da na shigo da ita ta ƙofar da marigayi mijinta ya yanka a shingen da ke tsakanin gidajenmu. Nas tana bakin taga riƙe da allura. Kerryn, 'yar Glenys tilo, ta jingina da ƙofa, idanunta sun kumbura.

Glenys ta ƙarar da ƙuruciyarta tana gyaran kifi a masana'antar gwangwani a nan Port Lincoln, kuma duk abin da ta mallaka yana cikin asusun nan. Dokar ba ta da wuyar ganewa. Idan kuɗin suka fito tana raye, babu haraji, tunda ta haura sittin. Idan ta rasu suna ciki, gwamnati za ta ɗebi kusan kashi ɗaya cikin shida, domin Kerryn babba ce mai riƙe da kanta. Ba tare da wannan kaso ba, Kerryn ba za ta iya biyan kafin alƙalamin ƙaramin gidan da take nema ba, ga yara biyu, ga haya tana ta hawa. An aika takardu. Saura kamfanin ya ji muryar Glenys, ya tabbatar tana cikin hayyacinta. Allurar kuwa ta kashe zafin ciwo ce, amma nas ta ce da wuya Glenys ta sake wartsakewa bayanta.

"Mama, don Allah ki bari a yi miki," in ji Kerryn. "Ba na son kuɗin."

"Ke yaushe kika taɓa son abu mai amfani? Dubi wanda kika aura."

"Kawu Lyle, kai kaɗai take jin maganarka."

Na dubi hannun Glenys. Ta damƙe zanen gado har gaɓɓanta sun yi fari, zufa tana gangarowa cikin kunnenta. Kalma ɗaya daga bakina za ta iya sa a raba ta da wannan azaba, kuma ta san haka, shi ya sa ta kafe ni da ido.

"A ƙara mata lokaci," na ce.

Kerryn ta juya mini baya. Har yau nakan auna maganar nan, ban kuma gama aunawa ba.

Kiɗan ya yanke, muryar wani saurayi ta gaishe mu. Glenys ta faɗi sunanta, ranar haihuwarta da lambar asusunta, tana tsayawa tsakanin kalmomi tana neman numfashi.

"Kin fahimci cewa za ki kwashe kuɗin gaba ɗaya, ki rufe asusun?"

"Yaro, na fahimta tun kana rarrafe. Ka tura kawai."

Ya ce sai bayan 'yan kwanakin aiki za su shiga banki. Ta lumshe ido na ɗan lokaci.

"Nas, allurar taki kisa take yi?"

"A'a, barci kawai."

"To ga ni, yi. Kai kuma tsoho, in sun shiga ka faɗa mini, ko ina barci. Ba inda za ni kafin nan."

Ba ta sake magana ba. Ranar Talata nas ta ce a kira dangi. Ranar Laraba nas ta dawo ta same ta tana numfashi, ta girgiza kai. Ni ina kujerata, ina jiƙa mata leɓe da auduga.

Ranar Alhamis da hantsi Kerryn ta shigo ta miƙo mini wayar Glenys ba tare da ta dube ni ba. Na karanta saƙon bankin, na sunkuya daidai kunnen Glenys.

"Sun shiga, Glenys. Ba wanda ya taɓa ko sisi."

Ban ga ta motsa ba. Kerryn ta rantse yatsan mahaifiyarta ya matsa nata.

Kafin la'asar Glenys ta cika. Da na fito da kujerata zan koma gida, na tarar da rigar barcinta da Kerryn ta wanke da safe tana kan ƙarfen shanya a bayan gida. Ta bushe, iskar teku tana juya ta a hankali.