Takardar Idon Baba

Duk bayan shekara uku mahaifina yakan zo asibitin idon da nake aiki a auna shi, domin ofishin lasisi ba sa sabunta wa mai bindiga takardarsa sai da shaidar cewa yana gani sosai. Shekararsa arba'in da ɗaya yana gadin wata babbar gonar lemo a bayan gari. Shi ake kira idan aladun daji sun fasa shinge, ko mahaukacin kare ya faɗo cikin ma'aikata. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane, kowa Sau-Ɗaya yake ce masa, don ba a cika jin ƙarar bindigarsa sau biyu a rana guda ba. Ni kuwa Uwata yake kirana, saboda sunan tsohuwarsa aka sa mini.

Ranar da ya zo bana, da kwalliyarsa ya zo har da turare, yana tsokanar abokan aikina wai ya zo ya koya wa allonmu na gwajin ido karatu. Na zaunar da shi, na rufe masa idon hagu, ya fara karanto haruffa. Layin farko, na biyu, na uku, har na shida, tiryan-tiryan babu ko tuntuɓe. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ban kai ga nuna layin ba ya riga ya karanta shi. Wannan allo shekara goma sha biyar yana rataye a wurin, Baba kuwa ba ya manta abin da ya taɓa gani. Na tashi na juya allon, na fito da bayansa mai wasu haruffa daban.

Ya karanta babban harafin sama. Ya karanta biyu a layi na biyu. Daga nan sai ya karkatar da kai kamar mai leƙen wani abu ta bayan ƙyaure.

"Uwata, allon nan naku ya yi ƙura," in ji shi. "Ba kwa gogewa ne?"

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Likita ta ɗiga masa magani, ta haska can bayan idon, ta daɗe tana dubawa. Da muka keɓe ta ce mini tsakiyar ganinsa ne yake dushewa, idon dama ya fi muni, na hagu ma ya kama hanya, kuma ba irin wanda tabarau ko aiki ke gyarawa ba ne. Zai ga hanya, zai ga ƙofa, zai yi shekaru yana zirga-zirgarsa. Amma abin da ya tsura wa ido, shi ne ba zai gani da kyau ba. Takardar lasisi ni ke cike sakamakon awo in sa hannu, likita ta buga hatimi. Na ninke ta ba tare da na rubuta komai ba, na jefa a jaka, na ce wa Baba sai wani satin.

Wanda bai san mahaifina ba zai ce ai bindiga ce kawai, ƙarfe da katako. Mu da muka tashi a gidan mun san bindiga uku ya riƙe a rayuwarsa, kuma kowacce da irin mutumin da ta tarar.

Ta farko doguwa ce mai baki biyu, nauyinta kamar taɓarya. A lokacin Baba yana ji da ƙarfi, yakan ce bindigar da ba ta ture kafaɗa ba abin wasan yara ce. In ya harba, tsuntsayen gona uku sai sun tashi. Umma ce ta san kuɗin wannan fariya, ita ke shafa masa man zafi a kafaɗa tana mita, kuma har yau in za ta yi masa magana mai muhimmanci ta ɓangaren hagu take zagayawa, don kunnen dama bindigar ta tafi da rabinsa.

Ta biyu ina makarantar sakandare ya saye ta. Siririya ce mai madubin saiti a samanta, irin wanda ke jawo abu mai nisa ya zo gaban hanci. Mun sha labarin madubin nan har ya gundure mu. Baƙo ba ya fita gidanmu sai ya leƙa ta ciki ya ga tsattsewa a kan wayar lantarki. A lokacin ra'ayin Baba ya koma cewa ƙara aikin banza ce, nisa shi ne magana, wanda ba shi da madubi kuwa jifa yake yi ba harbi ba.

Shekara shida ya yi da ita. Wata safiya ya hango alade a bakin shinge, ya saita, ya danna kunama. Aladen ya faɗi nan take. Harsashin kuma ya ratsa shi ya wuce, ya huda baron da wata mata mai tsintar lemo take riƙe da shi a bayan ganye, tazarar hannu ɗaya daga cinyarta. Madubin ya nuna masa alade har gashin bakinsa, bai nuna masa komai na gefe ko na baya ba. Baba ya dawo gida ranar bai ci abinci ba. Kafin wata ya ƙare ya mayar da bindigar, ya ɗauko ta uku, wata gajera marar kwalliya mai cin harsashi ɗaya, wadda abokansa suka ce ko tsohuwa ba za ta yi alfahari da ita ba.

Tun daga ranar ya sauya yadda yake aiki. Bindiga a karye take a kan hannunsa, babu komai a cikinta, harsashi yana aljihun riga. Idan ya hango abu, sai ya faɗi sunansa a fili, ya kuma faɗi abin da ke bayansa. "Alade. Bayansa tudu." "Kare. Bayansa bangon rumbu." Sai ya faɗi duka biyun sannan hannunsa ke shiga aljihu. Ma'aikata suka riƙa dariya wai Sau-Ɗaya ya fara hira da bindiga. Wani lokaci kafin ya gama maganar dabbar ta tsere, ya ɗaga kafaɗa ya ce gobe ma rana ce. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan, ko akuyar wani bai taɓa ji wa ciwo ba.

Yayana, wanda shi ma ya fara aiki a gonar bara, ya zo ɗakina da yamma bayan ya ji labari wajen Umma. Yaya yana matakin da Baba ya wuce tuntuni: sabuwar bindigarsa mai madubi ce, yana goge ta fiye da yadda yake goge takalminsa.

"Ke wace irin 'ya ce?" ya ce. "Layi biyu kawai za ki rubuta. Mutumin da ya fi kowa iya harbi a yankin nan, ki bari allon asibiti ya kwance masa zani a kasuwa?"

"Yaya, ba ya gani."

"Ya fi ki gani! Ki raba shi da bindigar nan, wallahi kin raba shi da ransa. Ki zauna ki yi tunani, ke da ake kira uwarsa."

Na so in ce masa ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma na haɗiye, don maganarsa ta ƙarshe ta same ni. Kwana uku takardar tana jakata, in na buɗe neman biro sai ta kalle ni. Ina tsoron in rubuta gaskiya in karya mahaifina, ina tsoron in rubuta ƙarya wani ya rasa uwarsa a gindin lemo.

Ranar Asabar da sassafe Baba ya buga mini ƙofa. Ya ce in shirya in raka shi gona, in taho da takardata.

"Allo daban, gona daban," ya ce a hanya. "Ki zo ki ga idon a wurin aikinsa, sannan ki yanke hukunci."

Yaya ya tare mu a bakin ƙofar gona, ya ce an ga sawun aladu a shingen gabas. Muka bi ta tsakanin layukan lemo, raɓa tana jiƙa mana ƙafa, har muka tsaya a gefen ɗakin famfo, inda Baba ya saba tsayawa. Daga nan zuwa shinge taku tamanin ne, ya sha gaya mana. Rana ba ta gama fitowa ba, ƙarƙashin bishiyoyin da sauran duhu.

Can gindin shinge wani abu mai duhu ya motsa, a duƙe, yana tafiya yana tsayawa.

"Ga shi can!" Yaya ya raɗa. "Baba, sa harsashi kafin ya tsere!"

Ni na hango gefen kwando a ƙasa kusa da abin. Na buɗe baki zan yi ihu, sai na ga hannun Baba ko kusa da aljihu bai je ba. Bindiga tana nan a karye a kan hannunsa. Ya tsura ido, ya karkatar da kai, ya sake tsurawa.

"Abu mai duhu," ya ce a fili. "Yana motsi." Ya matse ido. "Ban ga kansa ba. Bayansa…"

Bai ƙarasa ba. Yaya yana ta taka ƙasa kamar mai jin fitsari. Baba bai ko kalle shi ba.

Sai abin ya miƙe tsaye. Wata dattijuwa ce mai tsintar lemon da ya zubo, sanye da tsohuwar rigar sanyi ruwan ƙasa. Ta dafa ƙugu, ta hango mu, ta ɗaga hannu.

"Sau-Ɗaya, ina kwana! Yau da baƙi ka fito?"

"Lafiya lau, Iya," Baba ya amsa da muryar da ban taɓa ji a bakinsa ba. "Sannu da aiki."

Yaya ya sulale ya zauna a kan bututun famfo, ya riƙe kai da hannu biyu. Baba ya juyo gare ni.

"Uwata, ke tun yaushe kika gane mutum ce?"

"Tun da muka tsaya, Baba. Na ga kwandonta."

Ya gyaɗa kai. "Shekara uku da suka wuce, da tun daga ƙofar gona zan gaya miki launin kwandon." Ya zaro harsashin daga aljihu, ya juya shi a tafin hannu, ya miƙo mini. "Riƙe mini. Ina takardar? Rubuta abin da kika gani. Kada ki rage, kada ki ƙara."

A kan murfin tankin ruwa na cike ta, hawaye yana ɗiga ina sharewa don kada ya ɓata tawada. Ba kukan baƙin ciki kaɗai ba ne. Ban taɓa jin girman mahaifina ya cika mini ƙirji kamar a wannan safiya ba.

Ranar Litinin ya goge bindigar, ya sa mata mai, ya naɗe ta a jakarta. Na ce in ɗaukar masa ya ƙi. Muka shiga ofishin lasisi, ya ajiye ta a kan tebur tare da lasisin da kwalin harsashi. Jami'in ya buɗe kwalin, ya duba kwanan watan da ke jiki, ya sake dubawa. Kwalin shekara tara ne, guda ashirin da biyar, saura goma sha tara.

"Baba, sabuntawa ce?" in ji jami'in.

"Mayarwa ce."

Jami'in ya ajiye biro. Ya ce shekararsa goma sha biyu a kujerar nan, masu ƙarar an ƙwace musu ya sani, masu kawo takardar ido ta bogi ya sani, amma wanda ya kawo da ƙafarsa bai taɓa gani ba. Ya tambayi dalili don ya rubuta. Baba ya tura masa takardata.

"'Yata ce ta auna," ya ce. "In ka gama, ka yi mini kwafi ɗaya."

Jami'in ya karanta, ya dube ni, ya miƙe tsaye ya ba Baba hannu biyu.

Mai gonar bai yarda ya sallame shi ba. Yanzu Baba ke fita da sababbin masu gadi, hannunsa a baya, yana sa su faɗin abu da bayansa kafin su taɓa aljihu. Yaya ya kwance madubinsa ya jefa a durowa ba tare da kowa ya ce masa ya yi ba. Kwanan baya na ji shi a tsakar gida yana ce wa kazar Umma, "Kaza. Bayanta bokiti." Umma ta ce ta shiga uku, an koma gidan jiya.

Kwafin takardar kuwa Baba ya sa an yi masa firem, ya rataye a falo a kan ƙusar da jakar bindiga take rataye a da. Umma ta ce duk duniya babu mai rataye shaidar faɗuwa jarrabawa sai mijinta. Shi ko a jikinsa. Yadda a da baƙo ba ya fita sai ya leƙa madubi, yanzu ba ya fita sai an kai shi gaban takardar. Baba ba ya iya karanta ta, ƙananan haruffa sun fi ƙarfinsa. Sai ya tsaya a gefe, ya juyo da kunnensa na hagu, ya sa baƙon ya karanto masa tun daga sama. In baƙon ya tsaya a sakamakon awo yana jin nauyi, Baba ya ce, "Ci gaba, ci gaba, ba ka zo wurin ba. Karanto mini wanda ya sa hannu a ƙasa."