Faɗin Mutum Biyu

Shekarar da kogin Binuwai ya yi ambaliya, ruwa ya ci gindin katangar gidansu Bilya a unguwar Poumpoumré, har ɗakin mahaifiyarsa Iyatu ya tsage. Bilya mai sayar da atamfa ne a babbar kasuwa, kuma mutum ne da ba ya son jan magana. Ya kira Léon, magini ɗan Mokolo, ya ce a tayar da ɗakin da bulo. Ƙyauren ma tuni ya saya, yana jingine a gindin darbejiya.

Ran da aka zo fitar da ƙofa, Léon ya ja mitarsa ta awo ya ce, "Soixante-dix, patron. Santimita saba'in, haka kowa ke yi."

Iyatu na kan tabarma tana tsintar shinkafa. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ta yi kaɗan."

Bilya ya yi dariya. "Inna, ke da iska ma za ta iya ɗauka? Ko raƙumi za ki shigar?"

"A ƙara, Auta."

Ya shiga jero mata dalilai: an riga an sayi ƙyaure, babbar ƙofa zafi take shigarwa, ga shi za ta cinye wurin gado. Tsohuwa dai ta yi kunnen uwar shegu da shi. Ransa ya soma ɓaci, don yana ganin rigimar tsufa ce kawai. Sai da Léon ya koma wajen kwaɓa siminti sannan ta ajiye faifan.

"Ran da Malam ya rasu kana Kuseri wajen saro kaya, ba ka gani ba," in ji ta. "A ɗakin nan aka yi masa sutura. Da za a fito da shi, ƙofa ta hana. Sai da aka karkata shi kamar buhun gero, likkafani ya maƙale a ƙusa. Mutumin da ko hularsa bai taɓa bari ta karkace ba. Ina bayan labule ina jin ana cewa a ɗaga ƙafa, a saukar da kai. Ni ba na so a juya ni haka. Ina so in fita a miƙe."

Shekara goma sha ɗaya da rasuwar mahaifinsa, ba wanda ya taɓa gaya wa Bilya wannan. Kunya ta kama shi, tsoro kuma ya fi kunyar yawa. Shi yana gina mata wurin zama, ashe ita hanyar fita take aunawa.

Ya ƙwala wa Léon kira, ya ce za a ƙara faɗi.

"Nawa, patron?"

Bilya bai san faɗin makara ba, kuma bakinsa ya ƙi tambaya. Sai ya sunkuya ya tallafi Iyatu, ya ɗaga ta a hankali saboda ciwon gwiwa. Suka taka tare har tsakiyar giɓin da aka bari a ginin, suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, tana riƙe da damtsensa.

"Auna mu," ya ce.

Léon ya dube su. Ya ja mita daga gwiwar hannun ɗan zuwa ta uwar, ya ƙara taƙi guda kowane gefe. "Wannan sai kafinta ya yi sabon ƙyaure."

"Ya yi."

Iyatu ta harari ɗanta. "Ba abin da na ce ba ke nan."

"Na ji abin da kika ce, Inna. Wancan ma zai wuce ta nan in Allah ya kawo lokacinsa. Amma kafin nan, ni zan riƙa fito da ke shan hantsi kullum."

"Kai da kasuwarka?"

"Atamfa ba ta ruɓewa."

Ta yi tsaki, irin wanda take yi in abu ya yi mata daɗi. Léon ya sa alama da gawayi, ya naɗe mitarsa, ya koma wajen simintinsa. An gama awo tuni, amma Iyatu ba ta saki hannun ba, Bilya ma bai motsa ba.