Bunsurun da Ake Kira Baɗi

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ban taɓa rubuta abin da ya wuce aikin makaranta ba, kuma ƙwallo ba sha'anina ba ce, har yau in aka ce an yi satar gida sai na tambayi na kusa da ni. Waɗanda suka fi ni sanin wannan labari a Tsomo suna da yawa. Amma akwai ɗan guntun da ba su sani ba, shi ne ya hana ni sakat. Malume, kawuna, in takardar nan ta zo hannunka, ka yi haƙuri.

Safiyar Asabar ɗin, cikin sanyin watan Yuni, wanda shi ne hunturu a ƙasarmu, Malume Vuyisile, wan mahaifiyata da nake zaune a gidansa, yana tsugune a garke yana jiƙa burodi cikin ruwan ɗumi yana tura wa bunsuru a baki. Haƙoran dabbar sun zube tun bara. Ya ci loma uku, ya ɗaga kai, ya buɗe baki kamar mai hamma, ya sake rufewa.

"Ci mana, tsoho," in ji Malume. "Yau ko ni ko kai, ɗaya zai huta."

Matarsa Nosapho ta leƙo daga ɗakin girki, hannunta duk dusar giya. Kwana uku ke nan tana dafa giyar dawa, kamar yadda take yi duk shekarar da ƙungiyar garinmu ta je wasan cike gurbi. Ta ce masa ya wasa wuƙaƙen ko sai an dawo. Ya ce ya wasa tun jiya. Ta ce sau biyar ke nan yana wasa su, sun kusa zama allura.

Shekara takwas da suka wuce ƙanen Malume, Sindile, shi ne golan Hankakin Tsomo, masu riga baƙi da fari. A shekarar suka fara cinye gasar lardinmu. Saura mako biyu su tafi wasan cike gurbi, inda zakarun larduna tara suke haɗuwa a birni ɗaya biyu kacal su hau rukunin ƙwararru, ciwon huhu ya ɗauke Sindile. Malume ya sayo ɗan bunsuru, ya tsaya a tsakiyar garke gaban mutane, ya yi wa mamacin alkawari: ranar da Hankaki suka hau, zai yanka shi ya sanar da shi. Suka je, aka doke su. Mutane suka shanye giyar, kowa in zai fita sai ya dubi bunsurun ya ce, sai baɗi. Sunan da ya bi shi ke nan. A bakinmu kalmar ta fi haka tsawo, amma ma'anarta ke nan, Baɗi.

Cikin shekara takwas sau biyar suka zama zakarun lardi. Sau ɗaya aka zura musu a mintin ƙarshe. Sau ɗaya ɗan bayansu ya ci gida da ƙeya. Bara kuwa wasa talatin suka yi babu wanda ya doke su, suka je wasan cike gurbi suka dawo ko ƙwallo ɗaya ba su ci ba. Baɗi yana nan yana ƙiba, sannan ya fara ramewa.

Bana abin ya sha bamban. Mista Nkonzo, mai ƙungiyar, wanda sana'arsa sayar da akwatunan gawa, ya tara magoya baya ya faɗa musu a fili cewa ya gaji. In ba su hau ba wannan karon zai sayar da gurbin ƙungiyar ga wani mai gidajen mai a Mthatha, wanda zai sauya suna da riga ya kwashe ta can. Babu wanda ya zage shi. Kowa ya san mutumin ya yi ƙoƙari.

Malume mai faci ne a tashar mota. Ranar bai buɗe rumfarsa ba. Ya sa tsohuwar rigar golan Sindile a kan suwaita biyu, ya nufi shagon abincin Sisi Nomhle, inda aka jona wayar wani direba da talabijin don a ga wasan daga Polokwane. Wasan kusa da na ƙarshe ne, wanda ya ci ya hau. Shagon ya cika har ƙofa, ga ƙamshin fanke da soyayyar hanta. Ni ma na bi shi da littafina a aljihu, na samu lungu kusa da firji.

Siphelo direba ne ya fara tsokanar Malume. Shi ƙungiyoyin Johannesburg yake goyon baya, amma bai taɓa fashin kallon Hankaki ba, wai don ya sha dariya.

"Bhuti Vuyi, yaya surukina Baɗi? Ya kwana lafiya? Na ji an ce gwamnati za ta fara biyansa kuɗin tsofaffi."

Aka yi dariyar yaƙe.

"Zauna ka ci fankenka," in ji Malume.

"Ni tausayinsa nake ji. Duk bunsurun da ke lardin nan ba wanda ya kai shi kwanciyar hankali. Shi kaɗai ne ya san ranar mutuwarsa ba za ta zo ba. Ku kuwa ga ku zakoki daga Satumba zuwa Mayu, Yuni na kamawa sai ku koma 'yan tsaki."

Sisi Nomhle ta ce in bai rufe bakinsa ba za ta kashe talabijin kowa ya huta. Ya kama leɓensa da yatsu biyu.

Minti ashirin da farawa Hankaki suka ci. Ɗan gabansu Ayabonga ne ya sa kai. Shago ya kaure da ihu, benci ya kife, wani ya rungume Siphelo har hularsa ta faɗi cikin miya. Malume bai motsa ba. Ya ɗora tafukan hannunsa a kan gwiwoyinsa, yana kallon agogon da ke kusurwar allon. Da wani ya jijjiga kafaɗarsa, sai ya ce a hankali, ya yi wuri. Abin da ya faɗa ke nan har aka je hutun rabin lokaci.

Da aka dawo, 'yan wasanmu suka fara abin da kowa a Tsomo ya sani. Yaran da suke wasa a filinmu mai ƙura kamar da ƙwallo aka haife su, sai ga shi ƙwallon tana ƙona musu ƙafa. Wanda ya samu sai ya doka ta sama ya juya baya. Shagon ya yi tsit, sai ƙarar firji a kunnena. Saura minti takwas aka rama. Ba wanda ya yi ihu. Wata tsohuwa a bakin ƙofa ta ce to, ta gyara mayafinta, kamar an faɗa mata motar da take jira ta iso.

Aka yi ƙarin lokaci, aka je bugun fenariti. Huɗu da huɗu. Nasu ya buga ta biyar ya ci. Ayabonga ya ajiye ƙwallo, ya ja da baya, ya sheƙo a guje, sai hoton ya daskare. Ga shi nan ƙafa ɗaya a sama, wani ɗan da'ira yana ta juyawa a ƙirjinsa. Mai wayar ya ɗaga ta sama, ya kai ta taga, ya rantse yana da data. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Da hoton ya dawo, Ayabonga yana kwance rub da ciki, masu jajayen riga suna gudu suna tsallake shi.

Ko faɗuwar ma ba a bar mu mun gani ba.

Siphelo ya ɗauki hularsa mai miya ya sa a haka. Da Malume ya miƙe, shi ne ya matsar masa da benci.

Tun da giya ta riga ta dahu, mutane suka biyo shi gida kamar yadda aka saba. Suka zauna a jikin shingen garke inda ranar la'asar take bugawa, bokitin giya yana zagayawa. Hirar ba ta tashi ba. Wani ya ce laifin koci ne, wani ya ce filin Polokwane ciyawa ce, yaranmu ba su saba ba. Wani ya ce an yi mana asiri tun zamanin kakanni. Wani dattijo ya miƙe zai tafi, ya dubi bunsurun, ya buɗe baki zai faɗi abin da aka saba faɗa, sai ya tuna. Ya koma ya zauna.

Nosapho ta zo ta tsaya a wajen shinge, don matar gida ba ta taka garken surukanta. Ta kira mijinta da sunan zuriyarsa.

"Jola. Shekara takwas ƙanenka yana jiran labari. Ka ba shi wanda ke akwai. Ka ce masa sun yi ƙoƙari, an gama. Ka sallame shi, ka sallami dabbar nan, ka sallame mu."

Mazan suka yi ta gyaɗa kai. Siphelo ya ce gaskiya Sisi Nosapho ta faɗa, mamaci ma yana gajiya da jira. Na zaci Malume zai yi faɗa. Shekara takwas ko da wasa aka ambaci wuƙa kusa da Baɗi sai ya bar wurin. Amma sai ya ce to, a kawo mashi.

Aka kawo tsohon mashin gidan, wanda ake tsikarar dabba da shi kafin yanka. Maza biyu suka kwantar da Baɗi a tsakiyar garke, bai ko yi turjiya ba. Malume ya cire hula. Ya kira kakanni ɗaya bayan ɗaya, sannan ya kira Sindile. Ya faɗa masa komai dalla-dalla kamar mai ba da rahoto: sun fara ci, an rama saura minti takwas, yaron Ayabonga ya ɓarar da ta biyar, Mista Nkonzo zai sayar. Ya ce ga bunsurunka, ba a kan abin da na yi maka alkawari ba, amma ka karɓa.

Kowa ya miƙe tsaye. A wurinmu sai dabba ta yi kuka ake sanin na can sun karɓa, a amsa da camagu, wato amin, sannan wuƙa ta hau. Malume ya ratsa mashin tsakanin ƙafafun bunsurun, ya taɓa ƙasan cikinsa da tsinin.

Baɗi ya shure. Ya buɗe baki. Shiru.

Ya sake taɓa shi, da ƙarfi wannan karon. Bakin ya buɗe har ana ganin dasashi, harshen yana rawa, ba abin da ya fito. Na uku ma haka. Masu riƙon suka dubi juna, suka saki. Bunsurun ya miƙe da ƙyar, ya girgiza, ya tafi kusurwa ya sa baki a kwanon burodinsa.

"Ya ƙi karɓa," in ji dattijon nan. "Sindile ya ƙi. Ya ce ba wannan labarin yake jira ba."

Sai wurin ya motsa. Wani ya ce ai ba a sa hannu a takardar ciniki ba tukuna. Wani ya ce ƙanen matarsa ya san mai gidajen man, mutum ne mai sauya ra'ayi. Siphelo, wanda ya shekara takwas yana yi mana dariya, ya ce gola ba ya ƙarya, in za a je wurin Mista Nkonzo ranar Litinin shi zai kai mutane a motarsa kyauta. Bokiti ya sake zagayawa. Dattijon ya ɗaga shi wajen bunsurun ya ce, sai baɗi, aka amsa masa baki ɗaya.

Nosapho ta juya ta koma ɗakin girki. Ta kwashe wuƙaƙen daga kan tire ta zuba a aljihun tebur, na ji ƙararsu daga inda nake.

Ga guntun da na ce ba su sani ba. Tun watan Afrilu, da Baɗi ya yi ciwon maƙogwaro ya kusa tafiya, muryarsa ta ɗauke. Ni nake kai masa ruwa kafin in tafi makaranta, wata biyu ban ji ko tarinsa ba. Ni na riƙe kansa ranar da Malume ya ɗura masa magani, kuma a gabana malamin dabbobi ya ce wa Malume muryar ba za ta dawo ba.

Malume yana tsaye a tsakiyar garke, mashi a hannu, rigar ƙanensa ta matse shi a kan suwaita biyu. Mutane suna dafa kafaɗarsa suna tsara tafiyar Litinin. Ba ya murmushi. Ya fara ɗaga kai yana duban fuskokin da ke jikin shinge ɗaya bayan ɗaya, na gane wa yake nema. Kafin idonsa ya iso kaina na sunkuya kamar takalmina ne ya kwance, na bi ta bayan tankin ruwa na shige ɗaki.